Da Sauƙi, In Ji Shaida

Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya kamar yadda muke nan lafiya lau, in aka cire gwiwar innarki da ke kuka kamar ƙyauren tsohon shago, da bayana da ya fara yi wa tsani gardama. Na gaya masa ya yi haƙuri, bango ba ya sunkuyowa don mai fenti ya yi masa rubutu.

Abin da kika gaya mini a waya ban kama shi duka ba. Kin san ni da waya: da na gama gaisuwa sai in ga kamar an gama magana, in kashe. Shi ya sa na bi umarninki na koma takarda, da alƙalamin nan mai kaurin baki da nake fitar da zanen allo da shi, tunda kin ce rubutuna kaɗai kike karantawa ba tare da gilashin ƙara girma ba. Kin ga ikon Allah. Mutumin da aka sallama daga firamare aka ce ya je ya huta, har yau kuma hutun yake, shi ne rubutunsa ya fi na masu buga littattafan shari'a. Direban da zai kawo miki in ya ɗaga ambulan ya ji nauyi, zai ce ko takardun gida ne.

To, abin da na fahimta shi ne: kin gama karatun lauya, saura jarrabawar da za a ba ki lasisi. Kin roƙi hukumar jarrabawar ta buga miki tambayoyin da manyan baƙaƙe ta kuma ƙara miki lokaci, ta ce a'a. In haka ne, ki ba ni kwangilar. Zan zo da tsanina in rubuta miki su a bangon ɗakin, har na kan titi ya amsa. Sai dai ki duba mini lanƙwasa. Makon jiya na rubuta wa wani mai masauki allo, na manta lanƙwasar ƙ, ya fito "Masaukin Baki". Ya ce in cire in kai wa mai sayar da abinci.

Innarki ba ta yi dariya ba da na ba ta labarin. Tun ranar da kika kira take ninke kayan da ta riga ta ninke. Ki rubuto mana dalla-dalla: me suka ce, kuma me ake yi yanzu? Ki rubuta yadda mai fenti zai gane.

Babanki.

*

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaida Inna, a yi mata sannu da gwiwa. Kai kuma ka rage hawa tsani. Ni ina nan lafiya. A na'ura na buga wannan, shi ya sa ka gan shi tsaf. In da hannu ne, layukan hawa juna suke yi.

Ga yadda abin yake. Hukumar ta ce awon da likita ya yi ya nuna ganina ya ragu, amma bai kai iyakar da suka yanka ba, saura kaɗan. Ta kuma ce babu wata takarda da ta nuna an taɓa yi mini sassauci a makaranta. Gaskiyarsu ce, babu. Ban taɓa nema ba. Kujerar gaba nake kamawa, ƙawaye su karanta mini, in haddace. A jarrabawar makaranta malamai sun san ni, suna kau da kai in na fito da gilashina. A wannan kuwa ba a shiga da komai, shafuka ne masu yawa da ƙananan baƙaƙe, ga agogo. Na gwada a ɗaki: kafin in gama karanta tambayoyin, lokaci ya wuce rabi.

Sau ɗaya ake yin ta a shekara. Ofishin lauyoyin da nake koyon aiki sun ce teburina yana jiran lasisi, amma shekarar nan kawai zai jira.

Na ɗaukaka ƙara. Akwai kwamitin da zai saurara, kuma an yarda in kawo shaidan da ya san ni tun ina ƙarama, ya cike gurbin takardun da babu. Na ba da sunanka. Ba sai ka zo ba, ta waya za a kira ka, akwai tafinta. Na so in sa Inna, amma na san kuka za ta yi ta yi, ba za a ji komai ba.

Ba wani abu mai wuya ba ne, Baba. Ka gaya musu yadda nake, shi ke nan. Ba wanda ya fi ka sani.

Allon mai masauki ya sa ni dariya har ma'aikaciyar jinyar da muke haya tare ta leƙo.

'Yarka.

*

Uwata,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, gwiwa da baya suna gaishe ki.

Da farko, da na ga kin rubuta "shaidan da ya san ni tun ina ƙarama", sai da na kai takardar bakin ƙofa na duba ko akwai lanƙwasa a kan d ɗin. Da na ga babu, hankalina ya kwanta.

Na san kina ɗakin lokacin da aka kira ni, kin ji komai, amma bari in ba ki ta ɓangarena. Na yi wanka, na sa rigar fita, na fesa turare, duk don wayar da ba ta da ido balle hanci. Na share shago, na ture gwangwanayen fenti ƙarƙashin benci. Na roƙi mai walda na kusa da ni ya kashe injinsa, ya kashe, ya zo ya tsaya a ƙofa da tabarau a goshi. Tela ma ya zo. Kotu ta cika.

Wata mata ta yi magana da harshen ofis, tafinta ya juyo mini. Ya ce in rantse zan faɗi gaskiya. Na rantse.

Ya ce, "Baba, ana tambaya, yaya idon 'yarka yanzu?"

Na ce, "Da sauƙi, alhamdulillah. Mun gode da tambaya."

Ya ce, "Ciwon ya taɓa hana ta karatu?"

Na ce, "Wa? Uwata? Ita ce ta ɗaya tun da aka sa ta makaranta."

Ya ce, "Tana buƙatar a taimaka mata wajen karatu?"

Na ce, "Malam, ita ke taimakon mutane. Ni nan da kake ji, ita ke gyara mini rubutun allo tun ba ta kai tsawon bencina ba."

Ya ce wai an rubuta tun kina ƙarama ba kya kallon abu kai tsaye, sai ta gefe. Na ce wannan kunya ce, tarbiyyar uwarta ce, ba ta kallon babba ido cikin ido. Tela ya gyaɗa kai kamar alƙali.

Sai wani a cikinsu, mai murya kamar daga cikin duro, ya sa a tambaye ni: a ganina, 'yata tana da nakasa? Uwata, a nan raina ya ɗan ɓaci. Ga mai walda, ga tela, ga mutanen da ban sani ba, ga ki zaune a gabansu. Na ce, "A gaya masa 'yata ba nakasasshiya ba ce. Ɗan ciwon ido ne, wane ne ba shi da abin da ke damunsa?" Na ce a raina, sun ji magana.

Na ji kamar kin ce "Baba" sau ɗaya, matar ta ce wani abu, kika yi shiru. Ina jin layin ne ya sarƙe.

Kin ce in gaya musu yadda kike, na kuwa gaya musu. Ban bar kowa ya raina ki ba. In sun hana ki bayan wannan, to ba su da kunne.

Babanki, shaidan da ba shi da lanƙwasa.

*

Baba,

Ina gaisuwa, ina gaida Inna. Lafiya lau nake.

Na ji shaidarka tun daga farko har ƙarshe. Ka gama mini aiki.

Sai hukunci ya fito.

'Yarka.

*

Uwata,

Sallama. Lafiyarmu ƙalau, muna fatan ke ma haka.

'Yar takardarki ta iso. Na karanta wa mai walda "ka gama mini aiki", ya ce ashe a gida kika gado lauyancin. Tun daga ranar 'yan layi ke ce mini Barista. Na ce duk mai neman shaida ya zo, fenti ya zama aikin gefe.

Amma shirun ya yi yawa. Direba ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannu wofi. Na kira, wayarki tana ta ƙara ba a ɗauka. Innarki ta sa na sake karanta mata 'yar takardar, a hankali. Ta ce, "Malam, yarinyar nan ba ta yi maka dariya a ciki ba." Na ce lauyoyi ba sa dariya a rubuce. Ta ce, "Maimaita mini abin da ka ce musu." Na maimaita, har da muryar mai duro. Ta dube ni irin kallon da take yi wa madara in ta tsinke, ta tashi ta shiga ɗaki.

Jiya ina kan tsani ina rubuta wa mai kemis allo, sai kalmomin nan naki suka dawo mini, na juya su ta ɗaya gefen. Ban ƙarasa harafin ba na sauko.

Uwata, wane aikin na gama? Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Babanki.

*

Baba,

Ina gaishe ka da Inna. Ka yafe mini shirun. Na fara wasiƙu na goge, domin duk wadda na fara ba irin wadda 'ya ke aika wa ubanta ba ce.

Hukunci ya fito. Sun ƙi. Ga layin da suka dogara da shi, na juyo maka: "Mahaifinta, wanda ita da kanta ta gabatar, ya tabbatar bisa rantsuwa cewa ciwon ya yi sauƙi, bai taɓa hana ta karatu ba, kuma ba ta da nakasa."

Kada ka ga laifin tafinta. Abin da ka faɗa ya juya, bai ƙara ba, bai rage ba. Ni na san "da sauƙi" gaisuwa ce. Na ji ka faɗe ta a kan Kaka ranar da ta daina gane mu. Shi ma ya sani, na ji ya ɗan tsaya kafin ya juya. Amma an rantsar da shi ya faɗi abin da aka ce, ba abin da ake nufi ba. Su kuwa a wurinsu sauƙi sauƙi ne, rubutawa suka yi. Da na buɗe baki, shugabar ta ce ba a sa wa shaida magana a baki. Ita ma gaskiyarta ce, haka muka karanta.

Ni na yi sake. Abu na farko da ake koya mana shi ne kada ka kira shaidan da ba ka zauna da shi ba. Na ce ka gaya musu yadda nake, ina nufin yadda idona yake. Na ɗauka ka sani. Sai da nake zaune a ɗakin nan, waya a tsakiyar dogon tebur tana ta yabona, na gane ba mu taɓa yin maganar ba, ni da kai. In ka tambaye ni, "da sauƙi" nake ce maka ni ma.

To ga yadda nake. Duk inda na kafa ido akwai tabo a tsakiya, kamar ka dangwala babban yatsa a fenti mai ruwan toka ka manna a gilashi. Abin da ke gefe nake gani. Shi ya sa nake karkata kai. Ba kunya ba ce, Baba, ko da yake na ji daɗin sunan na ɓuya a bayansa. Allunanka nake gyarawa domin su kaɗai ne rubutun da ya fi tabon girma. Kuma tabon yana faɗi.

Ba fushi nake ba. Na yi, ya wuce, ko in ce yana wucewa. Zan shiga jarrabawar haka nan.

'Yarka.

*

Uwata,

Sallama. Muna lafiya. Na rubuta haka ne don hannu ya saba.

Na karanta wasiƙarki a shago, na jawo ƙofa. Na dangwala yatsa a fenti na manna a gilashin taga, na tsaya ina kallon titi ta wurin. Mai walda ya wuce, na ga ƙafafunsa, ban ga kansa ba. Har yanzu ban goge ba.

Ban zauna ba. Na nemo lambar da aka kira ni da ita na buga. Wani magatakarda ya ɗauka, Allah ya sa yana jin maganarmu. Na ce ni ne shaidan nan, na zo gyara. Ya ce gyaran me? Na ce a sana'armu in ka yi kuskuren harafi sai ka shafe da farin fenti, ka jira ya bushe, ka sake. Ya yi dariya, sannan ya ce an rufe fayil. Na ce a buɗe. Ya ce ba a karɓar sabuwar shaida bayan hukunci. Na ce ba sabuwa ba ce, tsohuwar ce zan faɗa daidai.

Ya ce, "Baba, ƙarya ka yi a rantsuwa?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "To gaskiya ka faɗa?"

Bai jira ni ba ya ci gaba.

Ya ce in na ce ƙarya na yi, ni zan shiga matsala, kuma ba zai taimake ki ba, domin shaidan da ya canza magana ba a sake yarda da shi. Na ce su ɗaure ni su ba ki takarda mai manyan baƙaƙe, an yi musaya ke nan, ni dai ko a kurkuku akwai bangon da ke son fenti. Ya ce, "Ba haka ake yi ba, Baba. Allah ya ba ta lafiya." Na ce amin, na gode. Har godiya na yi masa, kin ji.

Na hana 'yan layi kira na Barista. Tela ya manta ya faɗa sau ɗaya, na dube shi, bai sake ba.

Innarki tana ta addu'a. Ni ma ina yi, kuma a addu'ar ban ɓoye komai ba. Ki shiga, Uwata. Abin da kika samu karantawa ki amsa shi.

Babanki.

*

Baba,

Ina gaishe ku. An daɗe, na sani.

Na shiga. Babban zaure ne, fararen fitilu a sama, tebura a jere. An karɓi gilashina a ƙofa, mai gadin ya sa shi a leda ya rubuta lambata a kai, cikin ladabi. Na kusa manna hanci a takarda. Wata mai sa ido ta zo ta tsaya a kaina, ta ɗauka amsar ta gefena nake leƙe, saboda karkata kan. Na yi mata bayani, ta ba ni haƙuri, lokaci yana ta tafiya. Duk abin da na karanta na san amsarsa. Shafukan ƙarshe ban ko buɗe su ba aka ce a ajiye alƙalami.

Sakamako ya fito. Ban ci ba. Ofis sun ba wani teburina. Maigidan ofishin ya kira ni da kansa, ya yi maganganu masu daɗi.

Na koma wurin likita saboda ciwon kan da ya ƙi tafiya. Ya sake awo. Ya ce yanzu na wuce iyakar da hukumar ta yanka, na wuce ta sosai. Na kai takardarsa ofishinsu. Magatakardan ya duba, ya ce, "To, madalla, baɗi ba mai yi miki musu. Ba kya ma buƙatar shaida." Za su ba ni ƙarin lokaci da mai karanta mini. Manyan baƙaƙen ne likita ya ce kada in sa rai za su yi mini amfani zuwa lokacin.

Akwai abu ɗaya kuma. Wasiƙarka ta ƙarshe, na yi rabin wuni ban gama shafin farko ba. Ma'aikaciyar jinya ce ta ƙarasa mini. Ka ci gaba da rubutowa, kada ka fasa, amma ba sai ka ɓata takarda da manyan baƙaƙe ba. Ita za ta riƙa karanta mini.

'Yarka.

*

Uwata, da ke 'yata mai karanta mata,

Sallama gare ku duka biyu. Ke ma'aikaciyar jinya, ba mu taɓa haɗuwa ba, amma Allah ya saka miki da alheri. Ki yi haƙuri da rubutuna. Ƙanana ban iya su ba, na gwada suka fito kamar tururuwa ta faɗa a fenti ta fito tana gudu. In kin zo inda na yi wasa, ki ɗan yi dariya ko bai ba ki dariya ba, don ta san wasa ne. Muryata tana da kauri, amma ba sai kin kwaikwaya ba.

Uwata, na rasa abin da ake cewa. Barka zan yi miki an ba ki abin da kika roƙa, ko jaje? Na tambayi innarki, ta rufe fuska da mayafi. Na bar miki su duka biyun a nan, ki ɗauki wanda ya yi miki.

Baɗi za ki shiga. Lauya da kunne yake aiki da baki, bakin kuwa kin gada, sai dai ki fi mai shi sanin inda ake sa shi. Tebur kuma katako ne, ana yin wani.

Innarki za ta biyo direba mako mai zuwa, ita da gwiwarta, ta zauna da ke har ki gaji da ita. Ni zan biyo baya in na sauke ayyukan mutane da ke wuyana.

Babanki.

Ke mai karatu, wannan na ƙasan naki ne, kada ki karanta mata. Ki ce wasiƙa ta ƙare. Tana fita ita kaɗai? Titin gaban gidanku babba ne? Wa ke tsallakar da ita?